Wanda Zai Zauna Bakin Rijiya

Shekara huɗu Manzo ya yi a gidan kaso na Damagaram. Laifinsa ba ɓoyayye ba ne, kowa a Garin Dodo ya san shi. A bazarar 1974, lokacin da fari ya cinye dabbobin ƙasar Damargu, ruwan rijiyar garin ya koma sai da layi. Manzo ya zo da awaki uku da suka rage masa, Ɗan Azumi ya ce ba layinsa ba ne. Magana ta yi zafi. Manzo ya ɗauki sandar korar takarkari ya sauke masa a hannun dama. Hannun ya karye wuri biyu, ya ɗoru a karkace. Jandarmomi suka zo daga Tanut suka tafi da Manzo. Awakin kuwa ba su ga damina ba.

Bayan girbin 1978 aka sake shi. Ya dawo da rigar da ya tafi da ita, da takarda guda mai hatimi. Matarsa Indo tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ta yi noma, ta yi surfe a gidajen mutane, ta jira.

Amma mutumin da ya dawo mata ba ya iya zama. Taku bakwai zai yi a tsakar gida ya juyo, ya sake yin bakwai, kamar bangon kaso ya biyo shi har gida. Ya fita ƙofar gida, ya dawo. Ya ɗauki igiya zai tuƙa, ya ajiye.

"Malam, ka zauna mana," in ji Indo. "Tsakar gidan nan za ka haƙe da ƙafa?"

"Ƙafar ce ba ta saba ba."

"To ka saba mata. Kaji ma sun rasa inda za su yi kiwo."

Mutanen gari suna gaishe shi. Sannu da dawowa, ya gajiyar hanya. Gaisuwar ba ta wuce nan. In ya iso inuwar da maza ke zama, hira ta kan mutu, wani ya tuna da jakinsa, wani ya tuna da alwala. An yi gayyar ɗaurin rumbu sau biyu, ba wanda ya aiko masa. Ɗan Azumi kuwa in ya hango shi sai ya sake hanya, hannun nan a maƙale jikin ƙirjinsa.

Manzo mahaƙin rijiya ne. A hannun tsoho Ɗanmalam ya koya tun gemu bai fito masa ba, kuma a ƙasar nan da ruwa ke kwance gaba talatin ko arba'in a ƙasa, ba kowa ke iya sauka ba. Da ya ji gwamnati ta sa ana haƙa rijiyoyin siminti a wajen Belbeji, ana neman masu hannu, bai tsaya shawara ba. Ya ɗaura takalmi ya kama hanya, kwana biyu a ƙafa.

Shugaban aikin, wani Sidi, mutumin Damagaram ne mai hula da biro a aljihu. Ya dubi kafaɗun Manzo, ya dubi tafin hannunsa.

"Gaba nawa ka taɓa sauka?"

"Arba'in da biyu, Shef. A Olelewa."

"In gaskiya ne ka fi duk mutanena. Kana da takarda? Aikin gwamnati ne, sai da takardar da ke nuna ba ka da komai a kanka."

Nan Manzo ya ji sanyi a ransa, don yana da ita. Ranar da aka sake shi, mai gadin kaso ya miƙa masa ya ce, riƙe, wannan ta nuna ka gama. Manzo bai iya karatun boko ba. Ya kai wa baduku ya ɗinke masa ita cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya. Yanzu ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin a gaban ma'aikata, ya miƙa da hannu biyu.

Sidi ya karanta. Ya sake karantawa. Ya naɗe ta a hankali.

"Ka san abin da ke ciki?"

"Ta ce na gama, Shef. Ba a bi na komai."

"Ta ce ka fito daga kaso. Shekara huɗu, duka da rauni."

Wani mai cuɗa siminti ya yi dariya. "Kai, wannan da kansa ya kawo shaidarsa! Mu ɓoye shebur kada ya gwada mana."

Manzo bai dube shi ba.

"Rufe bakinka," Sidi ya ce wa mai dariyar. Ya juyo ga Manzo. "Ba wannan nake nufi ba. Wadda ake so sunanta kaziye, a wurin alƙali ake karɓa, a Tanut. In ta fito fara, ka dawo na ɗauke ka ranar."

"In ba ta fito fara ba fa?"

"Ni ma akwai wanda ke duba takarduna."

Manzo ya nufi Tanut. A ofishin alƙali ya yini biyu a kan benci, yana tashi yana zama, har mai gadi ya tambaye shi ko kuɗin cizo ne a bencin. Rana ta uku magatakarda Attahir ya kira shi, ya buga takardar, ya sa hatimi. Layi ɗaya ne a tsakiyarta.

"Mushe Attahir, karanta mini."

Attahir ya karanta. Maganar dai ita ce ta wancan karon, har da ranar da aka yanke hukunci.

"Na yi shekara huɗun. Ban rage ko yini ba."

"Na sani."

"To me ya sa take nan?"

"Kaso daban, littafi daban. Kaso ya sake ka, littafi bai sake ka ba."

"Yaushe zai sake ni?"

"Sai ka yi wasu shekaru ba a ji ka da kowa ba. Sannan ka rubuto, a yi bincike, a aika Damagaram. In sun ga dama su goge."

"A cikin shekarun me zan ci? Aikin da zai hana a ji ni da kowa shi ne takardar ta hana ni."

Attahir ya cire tabarau ya murza ido. "Ba kai ne na farko da ya faɗi haka a kan bencin nan ba. Da ni ke yin doka, da wanda ya gama ya gama. Ni dai bugawa nake yi."

Manzo ya koma gida da takarda biyu, ba wadda za ta ba shi aiki. Rani ya wuce, bazara ta shigo. Hatsin da Indo ta noma ya kusa ƙasan rumbu. Ya je kasuwar Tanut ya ji masu manyan motoci suna ɗaukar mutane zuwa Agadas, daga can a bi sahara zuwa Libiya, inda aka ce ba a tambayar kowa takarda in dai yana da ƙarfi.

Da la'asar ya faɗa wa Indo, tana tankaɗe.

"Kasuwa mai zuwa zan bi mota."

Ba ta ɗago ba. "Shekara nawa?"

"Biyu. Ko uku."

"Malam, na jira huɗu don ba kai ka zaɓa ba, ɗaure ka aka yi aka tafi da kai. Wannan kai za ka zaɓa da ƙafarka. In ka hau motar nan, ka sallame ni kafin ka hau. Ba zan sake zama matar wanda ba ya nan ba."

"In zauna in ci guminki?"

"Ka zauna ka nemi naka."

"A ina? Garin da ko rumbu ba a kira na in ɗaura?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Ya fita, ya zaga bayan gari har magariba. Bai so ya tafi, bai ga yadda zai zauna ba.

Saura kwana huɗu kasuwa rijiyar garin ta ƙi. Tun farkon bazara ruwan yake ja baya, ran nan kuma gefenta ya zube can ƙasa. Aka jefa wasaki, gugan fata, ya fito da taɓo. Aka sake jefawa ya fito da yashi. Mata suka kama hanyar wata rijiya mai nisan rabin yini, da jakuna da tuluna. Tun da ruwan ya fara ja mai gari ya aika Belbeji wurin Sidi, amsa ta dawo cewa garinsu ba ya cikin tsarin bana.

Kashegari da hantsi Ɗanmalam ya dogaro sandarsa har gidan Manzo. Ya tsufa, idonsa ya yi hazo, kunnensa ya toshe, sai an ɗaga murya.

"Rijiya tana son yasa," ya ce, ko zama bai yi ba. "Gaba talatin da takwas. Ba mai sauka sai kai."

"Su suka aiko ka, Baba?"

"Me ka ce?"

"Na ce su suka aiko ka?"

"Ƙishirwa ta aiko ni. Tashi."

"Wa zai zauna baki?"

Wannan kam tsohon ya ji. Ya sosa gemu.

A yadda Ɗanmalam ya koyar da aikin, kuma a yadda Garin Dodo ya gada, mai sauka ba ya sauka sai da mai zaman baki. Shi ba ya jan igiya, takarkari ke ja. Aikinsa ya kwanta rubda ciki a bakin rijiya, kansa a ciki, yana sauraro. Daga zurfin nan ba mai jin muryar na ƙasa sai shi. In na ƙasa ya ce a ja, shi zai faɗa wa mai kora. In iska ta ƙare a ƙasa, shi kaɗai zai sani. In ya yi shiru, na ƙasa ya mutu, kuma ba wanda zai iya cewa ya ji ko bai ji ba. Shi ya sa ba a ba baƙo wurin. Babban namiji na gidan da suka haƙa rijiyar shi ke zama, don ran mai sauka ya zama a wuyan masu rijiya.

Kakan Ɗan Azumi ne ya haƙa rijiyar. Ɗan Azumi ne babba a gidan yanzu.

"Ka zauna mini kai, Baba," in ji Manzo.

"Da wane kunnen? Kuma ba gidanmu ba ne."

"To ƙanensa."

"Ba a tsallake babba yana raye. Ka san haka tun kana ɗaukar mini kwando."

Aka haɗa Manzo da Ɗan Azumi a ƙofar mai gari da azahar. Mutane sun cika wurin, har waɗanda suka saba tunawa da jakinsu. Ɗan Azumi yana zaune a kan buzu, bai ɗago ba.

"Ni ban roƙe shi ba," ya ce wa mai gari.

"Ni ma ban roƙi kowa ba," in ji Manzo.

"To ku biyun ku sha girman kanku, mu kuma mu sha me?" wata tsohuwa ta faɗa daga bayan zana. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Ɗan Azumi ya ɗago ya dubi Manzo, karo na farko cikin shekara biyar. Ya ɗaga hannun da ya karkace.

"Ka ga wannan? Ba na iya riƙe hauya. Matata ke yi mini huɗa. Ba ka tsoron ka kira in yi shiru?"

"Ina tsoro."

"To me zai kai ka?"

"Ba ni da wani wurin sauka."

Ɗan Azumi ya tashi ya kakkaɓe buzunsa. "Gobe bayan asuba. Kada ka sa in jira."

Indo ba ta hana Manzo ba. Ta dama masa fura mai kauri, ta tsaya har ya shanye. Da zai fita ta ce, "In ka ji wani abu ka kira da ƙarfi. Kada ka yi masa kunya."

A bakin rijiya an kafa gwafa biyu da gungumen da igiya ke bi ta kansa. Ɗanmalam ya shafa igiyar da hannu taƙi bayan taƙi, ya ɗaura wa Manzo da kansa. Aka fara zura fitila, ta kai ƙasa ba ta mutu ba. Ɗan Azumi ya kwanta rubda ciki, ya saka kai. Manzo ya yi bisimilla ya sauka.

Haske ya yi ta ƙanƙancewa a samansa har ya koma kamar bakin ƙwarya, da ɗan baƙin tabo a gefe, kan Ɗan Azumi ke nan. Ƙasa akwai sanyi da warin laka. Ya dafa bango ya gane inda ya zube. Ya fara cika wasaki da yashi.

"Ja!"

Daga sama ya ji muryar ta maimaita, siririya. Wasaki ya tashi. Ya dawo. Ya cika. Haka har rana ta take tsaka. Hannunsa ya tuna aikin tun kafin kansa ya tuna. Ya cire yashi, ya cire tsoffin itatuwan da suka ruɓe, ya cire ƙahon wata dabba. Ƙafarsa ta fara jin danshi.

Ya sa magirbi ƙarƙashin wani dunƙulen laka ya ɓanɓare. Wani wari ya taso. Harshen fitila ya yi ƙasa, ya yi shuɗi, ya mutu.

Manzo ya san wannan. Ya ja numfashi, bai ji ya shiga ba. Kansa ya fara juyawa.

"Ja ni!"

Muryar ba ta fita yadda ya so ba. Igiya ba ta motsa ba. Ya ɗaga kai, tabon nan yana nan a gefen haske, bai gusa ba. Ya ce a ransa, to, ga shi nan. Ya yi niyyar sake kira, ƙirjinsa ya ƙi. Ya jingina da bango.

Sai igiya ta fizge shi ta ƙugu. Ya yi sama yana bugun bango, kafaɗa, gwiwa, kai. Bai san lokacin da ya fito ba.

Ya farfaɗo a kwance kan yashi, ana yi masa fifita da faifai. Mutane sun kewaye shi. Ɗan Azumi yana tsugune gefe guda yana haki, goshinsa ya goge da bakin rijiya, jini na tsatsafowa.

"Bai kira ba," Ɗan Azumi yake gaya wa Ɗanmalam da ƙarfi, muryarsa a dishe. "Ni ban ji ya kira ba. Ƙarar magirbi na ji ta tsaya. Na ƙirga numfashi biyar ba ta dawo ba, na ce a kora."

"Na kira," in ji Manzo daga kwance.

"To kiran naka na sauro ne. A kaso suka cinye maka murya?"

Wannan karon dariyar ta daɗe. Manzo ya tashi zaune. Ya buɗe baki zai yi magana, Ɗan Azumi ya tare shi.

"Kada ka gode mini. Ban yafe ba. Ba a mutu a rijiyar kakana ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Gobe a kaɗa mata iska ka koma, ba ka gama ba."

Kwana uku suka ƙara. Kullum da safe a zura ganyen kaba a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta sauya, Manzo ya sauka, Ɗan Azumi ya kwanta. Ba sa gaisawa. Ranar kasuwar Tanut tana cikin kwanakin, Manzo yana ƙasa yana jera sababbin itatuwa a inda ya zube. Rana ta huɗu da hantsi idon ruwa ya buɗe, ya kai masa gwiwa kafin a jawo shi.

Bayan mako guda wasu Fulani biyu suka sauka garin a kan raƙumi, daga wajen Belbeji. Rijiyarsu ta cike, shanu na kwana da ƙishirwa, sun ji labari. Ba su je gidan Manzo ba. Mai neman mahaƙi wurin wanda ya zauna masa baki na ƙarshe yake fara zuwa. Manzo yana gyara dangar gidansa ya hango su tsaye da Ɗan Azumi ƙarƙashin aduwa. Ya ajiye kara, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Yana jin su sama-sama.

"An ce ya yi kaso," in ji babban cikinsu.

"Ya yi. Ni ya karya wa hannu, ga shi."

Fulanin suka dubi juna.

"To ya aikinsa?"

"Ku je ku jefa guga ku gani."

"Kai za ka ce mu ɗauke shi?"

"Ni ba na sonsa. Kwana huɗu na kwanta a kansa, bai yi ha'inci ko na wasaki ɗaya ba. Abin da na sani ke nan."

Suka je rijiya, suka ja ruwa, suka sha, suka shayar da raƙumin. Sannan suka nufo gidan Manzo. Indo ta leƙo ta zana ta koma, ya ji tana jawo tabarma.

Bayan gaisuwa babban ya ce, "Gaba talatin ce. Kwana nawa za ta ɗauke ka?"

"Sai na gani. Daga nan yaya nisa?"

"Yini ɗaya da rabi. Akwai wasu biyu kusa da mu, su ma suna jira."

"Ina dawowa gida tsakanin kowace rijiya," in ji Manzo, da ƙarfin da za a ji daga cikin gida.

"Wannan naka ne."

"Wa ya haƙa taku?"

"Mahaifina."

"Kai ne babba?"

"Ni ne."

"Kunnenka lafiya?"

Bafulatanin ya yi murmushi. "Ina jin kukan maraƙina cikin garke ɗari."

"To kai za ka kwanta a baki. Ku sha ruwa, bari in ɗauko igiya."